Ɗaliban Ƙasar Karaye da Wasannin Shakespeare

Sanin malamai ne a makarantun sakandare na ƙasar Karaye da Rogo, cikin littattafan adabin Turanci ba wanda ɗalibai ke ja da baya gare shi kamar wasan Shakespeare. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan bambancin al'ada, a ce ina ruwan ɗan manomi daga gefen madatsar Challawa da abin da aka rubuta a Ingila wajen shekara ta 1600. Wannan zato kuwa bai tsaya da ƙafafunsa ba.

A dubi wasannin da Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta sa. Daga 2016 zuwa 2020 Othello aka karanta, labarin jarumin da annamimi ya zuga har kishi ya sa ya kashe matarsa. Daga 2021 zuwa 2025 kuma sai A Midsummer Night's Dream, wanda ya buɗe da uba yana neman yi wa 'yarsa auren dole, daga baya aljanu suka shiga zancen. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke baƙo ga yaron da ya tashi da tatsuniya da tashe. In malami ya ba da labarin da Hausa, ajin yakan yi tsit.

Inda gizo ke saƙa shi ne harshen. Turancin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya sha bamban da wanda yaro ya fara koyo a firamare: akwai kalmomin da suka mutu, akwai waɗanda ma'anarsu ta sauya, ga jimla da ake birkitawa don ta hau ma'aunin waƙa. Abin takaici, wani ɓangare na wahalar nan Bahaushe ya fi Baturen yau kusa da gane shi. Lamirin thou, wanda akan faɗa wa na ƙasa ko masoyi, da you na girmamawa, sun yi kama da yadda akan ce wa tsara kai, a ce wa dattijo ku. Ba kasafai ake nuna wa ɗalibi haka ba.

Ga kuma yadda jarrabawa ke tambaya: wa ya faɗi wannan, wa aka faɗa wa? Sai ɗalibi ya koma hadda, wasan da aka tsara don dandali ya zama abin tilawa a zaune.

Hanya kuwa an riga an share ta. Tun 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu. Ya kamata kwalejojin horon malamai su sa masu koyon aikin su karanta fassarar tare da asalin, su kuma tashi su taka ko da fitowa ɗaya ce, kafin a tura su aji.