Kiwo Naki, Allura Ta Likita

Hirarmu ta yau a bayan ɗaki za mu yi ta, wajen turke da akurki.

Kowaccenmu ta san matsayin akuya a hannun matar aure. Ita ce asusunki. Cikinta wata biyar ne, sau da yawa kuma tagwaye take zubo miki. Da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya, da ita ake fita kunyar biki, da ita ake biyan kuɗin asibiti idan lalura ta zo babu shiri. Kaza kuwa ita ke kashe ƙananan gobara, kamar saukar baƙo ko littafin yaro.

To amma dubi yadda muke ɗora wa kanmu kaya. Ke ce mai ba da dusa, ke ce mai shara, ke ce ungozoma, sannan ke ce likita. Da akuya ta fara majina sai a jiƙa kanwa, a dafa sassaƙe, a aiki yaro kemis ya sayo kafso ɗin nan ja da rawaya. Ki kwana kina leƙa ta da fitila, gabanki na faɗuwa. Shekara ta zagayo, an haifi huɗu, an rasa huɗu, kiwo yana nan inda yake. Ba ƙoƙarinki ne ya gaza ba, 'yar'uwa. Akwai ɓangaren aikin nan da ba naki ba ne, kuma akwai wanda ya yi shekaru a makaranta don shi kaɗai.

Bari in ba ki misali da cututtuka biyu da suka fi yi mana ɓarna. Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira PPR, mai kama awaki da tumaki. Za ki ga zazzaɓi, ido da hanci na zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, sai tari da zawo. Ta biyu ita ce annobar nan da ke share kaji, musamman da hunturu, wadda ake kira Newcastle. Kaza ta saki fukafukai, ta riƙa kashi kore, wata wuyanta ya murɗe. Dukansu biyu wata irin ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda ake kira bairos, kuma kafso ba ya kashe bairos. Shi ya sa kike ta ɗura magani amma mutuwar ba ta tsayawa. Abin da ke tare su rigakafi ne, tun dabba tana da lafiyarta.

Rigakafin nan kuwa ba daga wata uwa duniya yake zuwa ba. A garin Vom, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi da take aiki tun 1924, kuma tana haɗa na awaki da na kaji. Allurar PPR guda ɗaya tana kare akuya shekara uku ko fiye. Na kaji akwai wanda ake ɗigawa a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Idan kina shakkar amfaninsa, tambayi tsofaffi labarin bushiya, cutar da ta riƙa ƙarar da garken shanu. Da allura aka yaƙe ta, har a 2011 aka sanar da cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yanzu PPR aka sa a gaba, da burin ganin bayanta a 2030.

Wata za ta ce, to in sayo maganin mana in yi da kaina. A nan ne ake samun matsala. Maganin rigakafi yana son sanyi, idan ya sha zafin rana ya zama ruwa kawai. Da an haɗa shi kuma dole a yi amfani da shi nan da ɗan lokaci. Ko maganin tsutsar ciki ma gwargwadon nauyin dabba ake ba da shi: ya yi kaɗan bai yi aiki ba, ya yi yawa ya cutar. Ga kuma akuyar da ke ta ramewa alhali cikinta ya yi tauri, ke kina zaton tsutsa ce, ashe leda ta ci ta cunkushe mata tumbi. Wannan sai likita ya yi mata aiki ya fitar.

To ke da ba ki fita, yaya za ki yi? Abin ba wuya. Ki zauna da maigida ki nuna masa lissafi: ga kuɗin allura, ga kuɗin akuya guda. Shi ko babban ɗanki su je sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, ko asibitin dabbobi mafi kusa, su karɓo lambar wayar ma'aikacin. Da yake kwalba ɗaya tana isar dabbobi da yawa, ku haɗa kai da maƙwabta a sa rana guda, yara su fito da dabbobin ƙofar gida ko zaure, a raba kuɗin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A lura kuma, ba duk mai yawo da sirinji ne likita ba. Na gaskiya za a ga maganinsa cikin kula mai ƙanƙara, zai duba dabba kafin ya taɓa ta, zai kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci naman wadda aka yi wa magani.

Miƙa masa wannan aiki bai raba ki da kiwonki ba. Ke ce idonsa. Ke kika san wadda ta ƙi cin abinci jiya, da wadda ta ware kanta. Sabuwar dabba daga kasuwa, ki ɗaure ta daban sati biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran. Ranar allura ki sa ɗan makaranta ya rubuta, ko ki riƙe ta da watan da aka yi. Idan kuma kaji suka fara zubewa da yawa a lokaci guda, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa mushen, a kira likita. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ba.

Ranar da kika sauke wannan kaya, za ki ji bambanci a jikinki. Hunturu zai shigo ba tare da fargaba ba. Lokacin da kike ɓatawa wajen jinya zai koma kan ƙuli-ƙulinki ko ɗinkin hularki. 'Yan awaki su rayu su girma, biyu su zama biyar, har ki fara tunanin turka ragon layya na sayarwa. Tela ma ai muna kai masa ɗinkin sallah ba don ba mu iya riƙe allura ba, sai don kada atamfa ta lalace. Akuyarki ta fi turmin atamfa daraja.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara, ku huta lafiya.