Tsallake Titi a Birnin Alƙahira

Yau ina so mu yi zancen titunan Alƙahira, babban birnin Masar, domin mata da yawa daga ƙasarmu suna zuwa can, waɗansu neman magani, waɗansu sayayya, waɗansu kuwa raka 'ya'yansu karatu a Azhar. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to gara ku san abin da za ku tarar tun kafin ku ɗaure kaya.

Mutanen Alƙahira da kewayenta sun wuce miliyan 20, kuma kusan kowa yana da wurin zuwa da safe. Idan kin tsaya a dandalin Ramsis, gaban babbar tashar jirgin ƙasa, za ki ga tasi da manyan bas da ƙananan bas da babura duk sun cakuɗe. Titin da aka zana wa layi uku, sai motoci su jeru biyar. Ham kuwa ba ta yin shiru, don da ita direbobi ke magana: ƙaramin bugu yana nufin ga ni nan, dogo kuwa yana nufin kauce. Akwai wata gadar sama, Gadar 6 ga Oktoba, mai tsawon kilomita 20 da 'yan kai, wadda aka gama a 1996 don a rage cunkoso, amma ita ma cika take yi maƙil.

Da na zauna can na lura da yadda matan garin ke tsallakewa, sai na gane akwai ƙa'ida cikin wannan hargitsi. Direba yana kallon mai tafiya tun daga nesa, yana auna saurinta, ya san inda za ta kai kafin ya iso, sa'an nan ya bi ta bayanta. Muddin kina tafiya da taki ɗaya, lissafinsa daidai ne. Amma in tsoro ya kama ki kika ruga, ko kika ja da baya, kin ɓata masa lissafi, kuma nan ne hatsari yake.

Saboda haka kada ki tsallake ke kaɗai. Nemi wata 'yar gari, ki tsaya a gefenta yadda za ta shiga tsakaninki da motocin da ke tahowa, in ta taka ki taka, in ta tsaya ki tsaya. Ki riƙe yaro a wuyan hannu, don yatsu kan suɓuce. Ki tattare mayafinki kada ya rufe miki gefen ido. Hannun dama suke bi, kamar yadda Nijeriya ta koma a 1972, watau hagu za ki fara duba, amma ki duba dama ma, don babur da mai ƙafa uku sukan biyo hannun da ba nasu ba. Ki fi yin hattara gab da shan ruwa a watan azumi, lokacin da kowa ke hanzarin isa gida. Safiyar Jumma'a ce titi ya fi sauƙi.

In tafiyar mai nisa ce, shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a Afirka. An keɓe wa mata taragu a tsakiyarsa, za ki zauna cikin 'yan'uwanki ba matsi da maza.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata da ba su iya karatu ba, musamman mai shirin tafiya. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da ita lafiya. Sai mako mai zuwa.