Dolores O'Riordan: 'Yar ƙauyen da ta yi wa masu dasa bom tsawa da waƙa

Da yawanmu mun taɓa cin karo da waƙar nan mai suna Zombie a waya, wadda wata mata ke rerawa da murya mai karyewa kamar ana kuka, jita da ganguna suna rugugi a bayanta. Ba Zombie ta Fela Kuti muke nufi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan ta wata ƙungiya ce daga ƙasar Ayalan mai suna The Cranberries, kuma mai muryar ita ce Dolores O'Riordan. Mun bi tarihinta, mun tarar akwai abin da ya fi kiɗa a ciki.

Auta a gidan talakawa

An haifi Dolores ranar 6 ga Satumba, 1971, a Ballybricken, wani ƙauye da ke yankin Limerick. Ita ce auta a cikin 'ya'ya tara, biyu sun rasu tun suna jarirai. Kafin a haife ta mahaifinta ya yi hatsarin babur da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, don haka nauyin gida ya koma kan mahaifiyarta. Gida ne na mabiya ɗarikar Katolika masu riƙo da addini, kuma a coci Dolores ta fara waƙa da kaɗa ogan ɗin coci tun tana ƙarama. Makarantar sakandaren da ta yi a Limerick da harshen Ayalan na asali ake koyarwa.

A 1990, tana da shekara 18, ta ji cewa wasu samari uku a garin suna neman mai rera waƙa, domin nasu ya bar su. Su ne Noel Hogan mai jita, ƙanensa Mike Hogan mai jitar bes, da Fergal Lawler mai ganguna. Ta je ta gwada, suka ba ta kaset mai ɗauke da kiɗa zalla ta tafi gida da shi. Bayan kamar mako guda ta dawo da baitocin waƙar Linger, kan wani saurayi da ya yaudare ta. Daga nan tsarin aikinsu ya zauna: Noel ya kawo kiɗa, Dolores ta sa karin murya da kalmomi.

Wane irin kiɗa ne?

Salon da suke yi shi ake kira altanatib rok. Reshe ne na kiɗan rok da ya taso a shekarun 1980 daga ƙananan ƙungiyoyi waɗanda manyan kamfanoni da gidajen rediyo ba su damu da su ba. Kayan aikin ba su da yawa: jitar lantarki, bes, ganguna, sai murya. Masu yin sa sukan rubuta waƙoƙinsu da kansu, kuma sukan taɓo abubuwan da waƙoƙin rawa ke gudu, kamar kaɗaici, fushi da siyasa.

Abin da ya bambanta Dolores shi ne ta ƙi sauya harshenta. Mawaƙan Turai da dama sukan kwaikwayi lafazin Amurkawa don su samu kasuwa, ita kuwa da karin harshen Limerick take waƙa. Tana kuma karya murya daga ƙasa zuwa sama farat ɗaya, salon da masu sharhi suka danganta da kukan makoki na gargajiya da matan Ayalan ke yi a wurin jana'iza.

Kamfanin Island Records ya ɗauke su, kundinsu na farko ya fito a Maris 1993. Da farko bai yi kasuwa a Birtaniya ba. Sai da suka tafi zagayen wasa a Amurka, tashar MTV ta shiga nuna bidiyon Linger, waƙar ta kai mataki na 8 a jadawalin Billboard. Sannan ne mutanen gida suka waiwayo, kundin ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya a 1994.

Bom a kwandon shara

Tun ƙarshen shekarun 1960 ake rikici a Ayalan ta Arewa, tsakanin masu son yankin ya ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya da masu son ya haɗe da Jamhuriyar Ayalan. Fiye da mutum 3,500 suka mutu kafin a yi sulhu. Ranar 20 ga Maris, 1993, ƙungiyar IRA mai ɗauke da makamai ta dasa bama-bamai biyu a kwandunan shara a wani titin kasuwa a garin Warrington na Ingila. Yaro ɗan shekara 3 ya mutu nan take, wani ɗan shekara 12 ya cika bayan kwana biyar a asibiti, mutane da dama suka jikkata.

Wannan ne ya sa Dolores ta rubuta Zombie, ita kaɗai da jitarta. Da ta kai wa abokan aikinta, ta nemi a ƙara wa jita kaushi, a kuma doki ganguna da ƙarfi, saɓanin sanyin da aka san su da shi. Kalmar tana nufin gawa mai tafiya, wadda ba ta tunani. Saƙon shi ne, masu kashe yara da sunan Ayalan ba da yawunta suke yi ba, ba kuma da yawun danginta ba. Mu da muka taso muna jin labarin tashin bom a kasuwa da tasha ba ma buƙatar tafinta a nan.

Waƙar ta fito a Satumba 1994, makonni kaɗan bayan IRA ta sanar da tsagaita wuta. Ba kowa ya yaba ba. Wasu sun ce yarinya daga kudu ta sauƙaƙa rikicin da ba ta rayu a cikinsa ba. Duk da haka waƙar ta zagaye duniya, ta ci kyautar MTV ta Turai a 1995, kundin da ke ɗauke da ita ya zama mafi kasuwa a tarihin ƙungiyar. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 1998, an gayyace su wasa a bikin kyautar zaman lafiya ta Nobel a Oslo.

Abin da ɗaukaka ba ta warkar ba

Tana da shekara 23 ta riga ta zama sananniya a duniya. Amma a 1996 suka katse zagayen wasa saboda ta galabaita, ta rame matuƙa. Ta yi aure a 1994, ta haifi 'ya'ya uku, ta kuma zauna a Kanada na tsawon lokaci. Ƙungiyar ta tafi hutu a 2003, ita kuma ta fitar da kundi biyu nata na kanta a 2007 da 2009, kafin su sake haɗewa.

Sai a 2013, bayan ta haura shekara 40, ta bayyana cewa wani da iyalinta suka amince da shi ya yi ta lalata da ita daga tana shekara 8 har zuwa 12. Kusan shekara talatin tana ɗauke da wannan. A 2014 aurenta ya mutu, aka kuma kama ta bayan wata hatsaniya a cikin jirgin sama. Daga baya likitoci suka gano tana da lalurar ƙwaƙwalwa mai juya yanayin mutum tsakanin matsanancin kuzari da matsananciyar damuwa. Ba ta ɓoye ba, ta yi magana a kai a fili.

Ranar 15 ga Janairu, 2018, aka tarar da gawarta a ɗakin otal a Landan, inda ta je aikin ɗaukar waƙa. Shekararta 46. Binciken hukuma ya nuna nutsewa ta yi a bahon wanka bayan ta sha giya da yawa, kuma tsautsayi ne. Abokan aikinta uku suka ƙarasa waƙoƙin da ta bari, suka fitar da kundi na ƙarshe a 2019, sannan suka rufe ƙungiyar maimakon su nemo wata. A 2020 bidiyon Zombie ya kai kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ba yawan kallon ba ne. Wadda ta iya fuskantar masu bindiga da waƙa tana 'yar shekara 22 ta kasa faɗin abin da aka yi mata a ƙuruciya sai da ta manyanta. Wataƙila a ajinmu ko a ɗakin kwananmu akwai mai dariya da mu kullum alhali yana ɗauke da irin wannan nauyi. In ya buɗe baki, mu saurare shi, kada mu yi masa gori, mu raka shi wurin babban da ya yarda da shi ko wurin likita. Giya da ƙwaya ba su taɓa zama magani ba. Sai mun haɗu a mako na gaba.