Tsatsa Daga Kogon Taya Take Farawa

Galibin ma'aikata in sun kai mota wanki, ƙyallin jikinta kaɗai suke dubawa, alhali kuwa ɓarnar tana can cikin kogon da taya ke juyawa. Nan taɓon damina ke maƙalewa ya riƙe laima har ƙarfe ya huje. Abin ya fi tsanani ga tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Kanada, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, domin gishiri na gaggauta tsatsa.

Saboda haka a sa mai wanki ya karkata sitiyari, ya fesa ruwa, ya cuɗa da buroshi da sabulu. Sai wurin ya bushe sarai za a shafa man kariya, a kiyaye kada ya taɓa birki. Baƙin mai da wasu ke laftawa yana tara ƙura.