Faifan Da Ba A Buga Wa Shata Ba

A cikin watan Mayu na shekarar 2024 wani tsohon mawaƙi na ƙasar Amurka mai suna Willie Nelson ya fitar da faifansa na 75, yana da shekara 91 a duniya. Shi dai wannan dattijo yana cikin manyan masu irin waƙar nan da ake kira kantiri, watau waƙar mutanen karkara, ta makiyaya da manoma da direbobin manyan motoci. Ba baƙuwa ba ce a nan Arewa, gama duk wanda ya yi samartaka a zamanin kaset ya san muryar Don Williams da ta Jim Reeves. Abin lura a labarin shi ne lissafin. Mutanen can sun ƙidaya faya-fayan mutuminsu ɗaya bayan ɗaya, sun san shekarar da aka ɗauki kowanne, da ɗakin da aka ɗauke shi, da sunan wanda ya kaɗa kowace molo.

Bayan wannan da 'yan makonni, ran 18 ga Yuni, aka cika shekara 25 da rasuwar Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina. To, mai karatu, in da za a ce a buga wa Shata irin wannan faifai na cikar shekaru, lamba nawa za a rubuta a bayansa?

Ba don an manta da shi ba ne tambayar ta yi wuya. Ga Ƙofar Dumi nan a birnin Bauchi, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da aka gina tun zamanin Malam Yakubu, tafiyar yini guda daga Funtuwa inda Shata ya zauna. Duk da wannan nisa, wanda ya ratsa unguwar da hantsi ba zai rasa jin kalangunsa ba, ko a teburin mai shayi, ko a shagon tela, ko daga wayar wani ɗan acaɓa da aka haifa bayan mawaƙin ya kwanta dama. Waƙar tana nan da ranta. Lissafinta ne ya watse.

An haifi Shata a Musawa, ta ƙasar Katsina, a shekarar 1923 bisa ga abin da aka fi ambata. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama maroƙi ba, domin ba gadon gidansu ba ne. Yaron ya yi tallar goro da alewa, yana rera waƙa don jawo masu saye, har waƙar ta rinjayi tallar. Ya zauna a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. Abin kiɗan da ya riƙa kuwa shi ne kalangu, wanda a da aka san shi da mahauta da 'yan mata a dandali, alhali makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna kaɗa kotso a gaban sarakuna. Shata ya ɗauki kalangun nan na talakawa ya shiga da shi fada, ya shiga bariki, ya shiga gidan rediyo. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da malamai, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a kan wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Ya rasu a Kano a 1999, aka kai shi Daura aka rufe.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya kuma zama ya haddace ta. In ya tsaya a fili, makaɗa suka ɗauki kiɗa, 'yan amshi suka kama amshi, sai ya shiga zuba baitoci gwargwadon wanda ya gani a wurin da abin da ya faru a ranar. Saboda haka waƙar da ya yi a Kano daren Juma'a, in ya maimaita ta a Jos ran Lahadi, amshin ne kaɗai zai zama ɗaya. Bakandamiyarsa ma, wadda ya fi shahara da ita, ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma kowane zubi da irin nasa ɗiyan. Wanne ne za a ce shi ne na ainihi? Shi kansa da aka sha tambayarsa yawan waƙoƙinsa, amsarsa ita ce bai san adadinsu ba. Wasu suna ɗaukar wannan amsa kuri ne. A ganina gaskiya ce tsagwaronta, ta mutumin da ya ɗauki waƙa tamkar ruwan rijiya, a ɗiba yau, gobe a tarar ta kawo wani.

Na'urar ɗaukar murya kuwa ba ta san wannan hali ba. Faifan garmaho na farko minti uku ne ko ɗan fiye a kowane gefe, ga mawaƙin da kan yi rabin sa'a bai ko share gumi ba. Da babban faifai ya zo, wanda kamfanoni irin su EMI suka riƙa bugawa, sai gefe guda ya kai kamar minti ashirin, aka ɗan sami sarari. Amma kaset ne ya dace da shi sosai, kuma kaset ɗin ne ya ɓata lissafin. Kowa da rikodarsa. A gidan biki a ɗauka, a filin wasa a ɗauka, mai shago ya kwafa ya sayar, wani ya kwafi kwafin. Ba kwanan wata, ba sunan gari, ba sunan makaɗi ko ɗaya. Da wayar hannu ta zo, masu tura waƙa suka kwashe abin da suka tarar, wani lokaci har da sunan da ba na waƙar ba. Mawaƙin ya sami suna har Nijar da Gana da Sudan ta wannan hanya, ba shakka, sai dai abin da ya shiga aljihunsa daga cinikin bai taka kara ya karya ba. Abincinsa yana hannun iyayen gidansa ne, masu ba da doki da mota da riga.

An yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙin masu shi. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, ya tattara tarihin mutumin da na waƙoƙi masu yawa, ɗalibai kuma sun yi ta rubuta kundaye a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Amma takarda ba ta riƙe amon kalangu. Muryoyin na asali suna kan zaren da aka naɗa a gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da kuma akwatunan masu sha'awa a garuruwa daban-daban. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da raɓa. Yakan yi fumfuna, ya manne, ya tsinke, rikodar da za ta juya shi ma ta zama sai an tona. Haka kuma mutanen da za su saurari zubi su ce wannan a gidan wane aka yi shi, shekara kaza, wane ne ke riƙe da babban kalangu, kullum raguwa suke yi. Ba Shata kaɗai abin ya shafa ba. Ɗanmaraya Jos mai kuntigi ya rasu a 2015, Barmani Choge ta riga shi a 2013, kuma nasu taskokin ma haka suke a warwatse.

Akwai kuma maganar doka, wadda magada ya kamata su sani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ba ta kare waƙa sai an adana ta a wani abu tabbatacce, ko rubutu ko naɗi. Ke nan duk abin da Shata ya rera a dandali ba a ɗauka ba, ya bi iska. Wanda aka adana kuwa, ita waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai ita, watau zuwa ƙarshen 2069. Amma naɗin muryar shekara 50 kawai aka ba shi daga shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Faifan da ya shiga kasuwa a 1974, kariyarsa ta ƙare tare da shekarar 2024, na shekarun da suka biyo baya kuma suna bin sahu ɗaya bayan ɗaya.