Shata Kansila: Yadda Mawaƙin Musawa Ya Riƙe Kujerar Siyasa A Kankia Da Funtua

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, cacar baki kan mawaƙan siyasa takan dawo sabuwa: wa ya ɗauki nauyin wane, kuma me ya sa wanda aka yi wa kirari bara ya zama abin zambo bana. A irin wannan muhawara ba a rasa mai ambaton Alhaji Mamman Shata a matsayin mawaƙin da babu wanda ya mallaki bakinsa. Abin da matasa da dama ba su sani ba shi ne Shata ya tsaya takara da kansa, ya ci, kuma a ƙaramar hukumar Kankia ya fara riƙe kujera.

An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana kallon sana'ar a matsayin roƙo. Shata ya fara da tallan goro, daga baya ya koma alewa, kafin waƙar dandali ta rinjaye shi. A Bakori ya sami uban gida na farko, Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can.

Domin a fahimci siyasarsa, sai an duba gangar da ya zaɓa. Mawaƙan fada irin su Narambaɗa da Mamman Sarkin Taushin Katsina suna amfani da kotso ko taushi, kuma abincinsu yana hannun basarake guda. Shata kuwa kalangu ya riƙe, gangar mahauta da 'yan mata a dandali. Wannan ya ba shi damar yi wa kowa waƙa: sarki, ɗan kasuwa, direban babbar mota, soja, har da jirgin Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969. Wanda yake da iyayen gida ɗari, fushin ɗaya ba ya hana shi cin tuwo. A ganina daga nan 'yancin bakinsa ya samo asali, ba daga taurin kai kaɗai ba, ko da yake Bakandamiyarsa ta isa shaida cewa taurin kan ma akwai shi.

Shi ya sa ya iya haɗa abin da ga wani ba zai haɗu ba. A shekarun 1950 zuciyarsa tana tare da NEPU ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa da ke adawa da mulkin En'e, amma babban uban gidansa na tsawon rayuwa shi ne Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna kafin ya zama Sarkin Daura a 1966.

Kujerar Kankia ta zo ne bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, wanda gwamnatin soja ta Obasanjo ta aiwatar. A lokacin babu jam'iyyu, babu kuma jihar Katsina, wadda sai a 1987 aka cire ta daga tsohuwar Kaduna. Musawa tana ƙarƙashin Kankia, Shata kuma ya zama kansila. Dattawan yankin, daga Kankia zuwa Kusada da ƙauyuka irin su Dudunni, sun san shi da wannan fuska ta biyu. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, sannan ya koma NPN mai mulki, sauyin sheƙar da masu ɗaukarsa tamkar waliyyin aƙida ba su cika son tunawa da shi ba.

Gwaji mafi tsanani ya same shi a Jamhuriya ta Uku, lokacin da Babangida ya kafa jam'iyyu biyu, SDP da NRC. An zaɓi Shata shugaban SDP na ƙaramar hukumar Funtua. Jam'iyyar a Katsina tana da jigo guda, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya, mutumin da yake mataimakin Obasanjo lokacin da aka yi garambawul ɗin da ya kai Shata kansila. Suka sami saɓani, aka tsige Shata. A dandali yana da inda zai juya in wani ya rufe masa ƙofa. A cikin jam'iyya ƙofar ɗaya ce.

Mawaƙin siyasa na yau ya fi kama da mawaƙin fada fiye da Shata, ko da yana da situdiyo da mabiya a TikTok: ɗan takara guda ne ke biyan kuɗin waƙar, kuma darajarta takan ƙare ranar da aka sanar da sakamako. Waƙoƙin Shata kuwa tun yana raye ake nazarinsu. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ranar 18 ga Yunin 1999, makonni uku bayan dawowar mulkin farar hula. Ba a Musawa aka binne shi ba, ba kuma a Funtua ba. A Daura aka rufe shi, garin Sarki Bashar.