Kujerar makiyayi a kwamitin ƙasa na gari

Rigakafi ya kai ni wani gari tsakanin Mayahi da Dakoro, a jahar Maradi, amma rabin yinin ya ƙare mini a kan burtali. Shanun da muke jira sun ƙi isowa wurin allura. Da na tambayi dalili, ardo ya ce hanyar ta matse: gonaki sun ci ta daga gefe biyu, har akwai inda saniya uku ba za su jera ba. Ga gero tsaye ba a girbe ba, kuma ba mai son ya biya ɓarna saboda allura.

A nan na fara zama da ƴan kwamitin ƙasa na gari, wanda ake ce wa COFOB. Maigari ne shugaba, akwai magatakarda mai riƙon littafi, sai wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Ba wanda ke karɓar albashi. Tushen aikinsu dokar karkara ce ta 2 ga Maris 1993, wadda aka fi sani da Code Rural. Sama da su akwai kwamitin komin, sama da shi kuma na gunduma. Su ke rubuta takardar shaida in an sayar da gona, ko an ba da ita aro, kyauta ko jingina. Su ke sa ido kan burtali, hurumin kiwo da bakin tabki. Hukunci ba nasu ba ne. Sulhu yana hannun sarakuna, in ya gagara a tafi gaban alƙali.

Wani zai ce ina ruwan likitan dabbobi da iyakar gona? Da ruwansa, sosai ma. In burtali ya toshe, garken gari biyar sai su haɗu a kan tabki guda, su cunkushe, hanci da hanci. Ciwon huhun shanu ba abin da yake so kamar wannan, don ta numfashi yake bi. Haka annobar awaki da tumaki. Dabbar da ta yi zagayen yini guda kafin ta sha ruwa kuwa ramewa take, kuma ramammiya ita ciwo ke fara kamawa. Na sha ganin mai garke ya kashe jikkuna a kan maganin tsutsa da bitamin, alhali abin da ke cin dabbarsa yunwa ce da nisan ruwa.

Da yamma muka bi burtalin da ƙafa, ni da ƴan kwamitin. Wasu turakun siminti na iyaka sun faɗi, ɗaya ma mun tarar da shi a tsakiyar gona, wake ya nannaɗe shi. Inda aka dasa aguwa a matsayin shinge, iyakar tana nan daram. Na fi yarda da aguwa a kan siminti: ba ta tafiya da dare. Cikin burtalin kuwa garmani ya mamaye, wannan haki da dabba ba ta damu da shi ba, ya kore ƙarangiya da sauran ciyawa mai amfani. Ƴan kwamitin sun ce gayya suke kira a tuge shi kafin ya yi ɗiya, a watsa irin ciyawa, kuma dole a maimaita shekara da shekara.

Aikin sa kai ba baƙo ba ne a wannan yanki. Sassaben zamani da ya bazu daga Maradi tun shekarun 1980 ya tsaya ne don garuruwa kamar Ɗan Saga, a gundumar Agye, sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa, maza da mata, har da makiyaya. Gawon da aka bari a gona shi ke zubo da ƴaƴa a bazara, lokacin da rumbu da daji duk sun bushe. Duk mai tunkiya ya san darajar buhun ƴaƴan gawo a wannan lokaci.

Abin da ya dame ni ranar shi ne kujerar makiyayi. Wanda ke zaune a kanta manomi ne mai shanun noma biyu. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa kwana a mashekari ba, bai san ranar da garke ke gangarowa daga arewa ba. Na tambayi ardo me ya sa ba a ba ɗaya daga cikin nasa ba. Ya ce ranar da aka kafa kwamitin suna can arewa wurin ciyawar damina, da suka dawo an gama. Ban ga laifin maigari shi kaɗai ba. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali ba na sayarwa ba ne. Amma wa zai tashi ya faɗi haka a gindin bishiyar maigari, in mai haƙƙin ba ya wurin?

Ƴan ƙungiya, ku tambaya a garinku wa ke wakiltar kiwo a kwamitin. In mai tafiya ne, a samo masa mataimaki mazauni, tsoho ko mace mai kiwon awaki, mai waya a hannu. Ku nemi a yi taron duba burtali kafin shuka, lokacin da gyaran iyaka bai ci amfanin kowa ba. Ku kuma halarci zaman da ake shawarar ranar sakin gonaki bayan girbi. Magatakarda ma a tuna da shi: wanda na gani, da kuɗin aljihunsa yake sayen littafi da biro.

Shanun nan dai sai bayan sakin gonaki muka yi musu allura. Kafin in bar garin, an tsayar da ranar kasuwa mai zuwa don maida turakun wurinsu, ardo kuma ya ce ƙanensa zai zo da jaki da tulun ruwa na kwaɓa siminti.